Morishus: tsibirin da ya ji tsoron yawan jama'a, yanzu yake neman jarirai

Malamin Jogarafi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata magana da nake so mu tattauna. Akwai ƙasar Morishus, tsibiri ne a Tekun Indiya gabas da Madagaska, kuma tana cikin Tarayyar Afirka. Faɗinta duka bai fi murabba'in kilomita 2,040 ba, wato jihar Kano ta ninka ta kusan sau goma. Ƙidayar 1944 ta samu mutum dubu 419 a babban tsibirin. A 1952 sun kai dubu 501, a 1962 kuma dubu 681. Har masana suka fara cewa ƙasar nan za ta cika ta batse, abinci ba zai isa ba. Amma ƙidayar 2011 da ta 2022 kusan adadi ɗaya suka bayar, miliyan 1.2 da 'yan kai, ta bayan ma ta ɗan gaza ta farkon. A 2021 waɗanda suka rasu sun fi waɗanda aka haifa yawa. Ba yaƙi, ba yunwa, ba dokar hana haihuwa irin ta Sin. Me ya faru a tsakanin nan?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai sunan ƙasar nan a wuyan riga na san shi. Cikin dilar gwanjo akan ci karo da shat mai kyau, ka juya wuya ka ga an rubuta can aka ɗinka. Ashe ma 'yar mitsitsiya ce. Fagge da Dala da Gwale kaɗai ai sun isa su cika ta.

Gaskiya Ɗaya: Me ya faru kuwa? Turawa suka shiga da allurarsu. Ai ba sai an yi dogon turanci ba.

Malamin Jogarafi: Sannu a hankali, za mu zo nan. Bari mu fara daidaita lissafin. Ƙaruwar jama'a ta asali ita ce a ɗauki haihuwa a cire mutuwa, ba a sa baƙin da suka shigo ko 'yan ƙasa da suka fita. Idan a cikin mutum 1,000 an haifi 40 a shekara, 12 sun rasu, saura 28, wato kashi 2.8 cikin ɗari. Ƙasar da ke ƙaruwa da kashi 3 a shekara tana ninka kanta cikin shekara 23 zuwa 24.

To abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, hauhawar da Morishus ta yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba daga ɗakin haihuwa ta faro ba, daga maƙabarta ta faro. Zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana cin mutanen tsibirin. Annobar 1867 kaɗai ta kashe dubban mutane a Port Louis, babban birninsu. A ƙarshen shekarun 1940 aka shiga feshin maganin sauro na DDT gida-gida, cikin 'yan shekaru mace-mace suka ragu da kusan rabi. Matan suna haihuwa shida-shida kamar yadda iyayensu suka yi, sai dai yanzu yaran ba sa mutuwa. Shi ke nan jama'a ta yi sama. Daga baya, a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar kawar da cutar.

Kawu na Yakasai: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, goma sha ɗaya ta haifa, mu huɗu muka rayu. Ƙyanda ta ɗauki biyu a bazara ɗaya. Ƙanena da ya zo bayansu sai aka huda masa kunne aka riƙa kiransa Ajuji, wai ko mutuwa za ta raina shi ta ƙyale shi. Yana nan da ransa a Kurna, har da jikoki. A zamanin nan wa zai tunkari tsohuwar nan ya ce ta rage haihuwa? Ita lissafinta daban ne, tana haifa ne tana jiran ta ga wanda za a bar mata.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Hajiya, Kawu. Kuma wallahi har gobe lissafin nan ne a zuciyar mata da yawa, ko da ba su furta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma mu nan Arewa maso Yamma abin ya fi haka muni. A Morishus ba su kai 20 ba. Matar da ta binne biyu ba za ta saurari maganar tazara da kunne ɗaya da wadda duk nata ke raye ba.

Gaskiya Ɗaya: Duk na ji. Amma ku faɗa mini wa ya kawo maganar rage haihuwar can. Ba Turawan Ingila ba ne? Su ɗin nan ne fa suka kwashe mutanen tsibiran Chagos kaf daga gidajensu, suka jibge su a Morishus da Seshels, don a ba Amurka sansanin soja a Diego Garcia. Wanda ya yi wannan shi ne zai zo yana tausayin matanka?

Malamin Jogarafi: Maganar Chagos gaskiya ce, tsakanin 1968 da 1973 aka yi ta, kuma zalunci ne da ba mai wanke shi. Haka kuma gaskiya ne gwamnatin mulkin mallaka ce ta gayyato masanan. James Meade, masanin tattalin arziki da ya samu kyautar Nobel daga baya, ya fitar da rahoto a 1961 yana ganin gaba ba kyau: ƙasa ta dogara da rake kaɗai, guguwar Carol ta rugurguza gonaki a 1960, ga matasa ba aikin yi. A shekarar dai wasu masanan biyu, Richard Titmuss da Brian Abel-Smith, suka yi hasashen idan aka ci gaba a haka jama'a za ta doshi miliyan uku kafin ƙarshen ƙarni.

Amma duba lokacin da haihuwar ta faɗi. Daga kusan 6 ga kowace mace a farkon shekarun 1960 zuwa kusan 3 a farkon shekarun 1970. Shekara goma kacal, kuma tsakiyar wannan lokacin ne suka samu 'yanci, 12 ga Maris 1968. Bature yana haɗa kayansa ne abin ke faruwa, bayan ya tafi kuma bai tsaya ba. Ƙungiyar tsara iyali tasu 'yan ƙasa ne suka kafa ta. Mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda cocinsu bai yarda da ƙwaya ba, suka kafa tasu mai suna Action Familiale a 1963, suna koya wa ma'aurata lissafin kwanaki. Ba wanda aka ɗaure aka yi wa allura.

Gaskiya Ɗaya: Ba a ɗaure mutum da igiya, da talauci ake ɗaure shi.

Ummi Jami'a: Yaya Gaskiya, in da talauci ne ke rage haihuwa ai da Nijar ta fi kowa ƙarancin yara. Malam, ni abin da na fi gani shi ne jinkirin aure. Yarinyar da a da za a aurar tana 16, in ta kai 22 kafin ta shiga ɗaki, an riga an cire haihuwa biyu ko uku ba tare da ta taɓa ganin ƙwaya ba.

Malamin Jogarafi: Daidai ne Ummi, babban kaso na faɗuwar farko daga nan ya zo. 'Yan matansu sun riga sun shiga firamare da yawa tun kafin 'yanci. Sai aka zo 1970 aka buɗe yankin masana'antun fitar da kaya waje, masaƙu da kamfanonin ɗinki suka cika da mata ma'aikata, su ne masu ɗinka rigunan da Ɗan Kwari ke gani. A 1977 sakandare ta zama kyauta. Asibitin gwamnati kyauta. Tsoho kuma, ko ya taɓa aikin gwamnati ko bai taɓa ba, yana da fanshon tsufa. Ka ga an cire wa mutum dalilai uku da ke sa shi tara 'ya'ya: tsoron za su mutu, buƙatar hannu a gona, da tunanin wa zai riƙe ni in ƙarfi ya ƙare.

Ɗan Kwari: Wannan na masaƙun ne ya ƙona mini rai. Mu da muke da Sharaɗa da Challawa da Bompai, yau ka bi ta wajen wasu ka ga ciyawa ta fi ƙofa tsayi. Atamfar da nake sayarwa daga Sin take zuwa. Tsibirin da ba ya noma auduga yana ɗinka wa Turai riga, mu masu audugar muna sayen gwanjonsa.

Abu Sumayya: Na karanta duka. Ina so a yi hattara kada a mayar da raguwar haihuwa wani abin alfahari. Allah Ya ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci, Mu ne Muke azurta su da ku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da auren mace mai soyayya mai haihuwa, domin zai yi alfahari da yawanmu. Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Kuma ga shi Malam da bakinsa ya ce yau mutuwa ta fara rinjayar haihuwa a can. To ina ribar?

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, ba mai ja da aya. Amma ina roƙon ka zo ka zauna a bencin awo ranar Litinin ɗaya. Za ka ga mace da goyon wata bakwai a baya, ga cikin wata uku a gaba, ga na shekara biyu yana riƙe da gefen hijabinta. Ka ja fatar idonta ƙasa ka ga fari fat, ba jini. Nono ya tsinke, na bayan ya fara zawo, kakarsa na cewa ai shan ciki ne. In ka tambaye ta ko tana son hutu, sai ta waiga ƙofa tukuna ta ga ko maigidan na kusa. Kakanninmu da ba su san asibiti ba suna tafiya goyon ciki gida, suna shayarwa shekara biyu, kwanika abin kunya ne a wurinsu. Mu muka yar da wannan, ba Bature ya ƙwace mana ba.

Abu Sumayya: Hajiya, a nan ba mu da saɓani. Shayarwa shekara biyu cikakku tana cikin Suratul Baƙara. Hadisin Jabir ma yana nan cikin Bukhari da Muslim, cewa sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka. Malamai sun halatta tazara don lafiyar uwa da ɗa, da yardar ma'aurata biyun. Abin da nake ƙi shi ne hukuma ta sa wa al'umma adadi, ko mutum ya yanke haihuwa gaba ɗaya don yana ganin shi ke ciyar da kansa.

Ummi Jami'a: Malam Abu, ai akwai Musulmi a Morishus, kusan kashi 17 cikin ɗari, jikokin waɗanda aka kawo daga Indiya aikin rake da kuma 'yan kasuwa. Su ma gidajensu sun ƙanƙance tare da na maƙwabtansu Hindu da Kirista. Ga kuma Komoros a tekun guda, kusan kowa Musulmi ne, mace na haihuwar kusan huɗu. Ni a ganina makaranta da asibiti da aikin yi ne suka raba su.

Abu Sumayya: Ko kuma zama cikin waɗanda ba Musulmi ba ya yi tasiri a kansu. Wannan misalin naki yana iya zama hujjata, 'yata.

Ummi Jami'a: To Iran fa, Malam? Da Tunisiya?

Admin: A tsaya a kan tsibirin don Allah. In aka shiga Iran ba za mu kwana lafiya a zauren nan ba.

Kawu na Yakasai: Ni tambayata ga Malamin Jogarafi. Ka ce tun shekarun 1970 haihuwa ta faɗi. To me ya sa sai yanzu jama'ar ta tsaya? Shekara hamsin fa.

Malamin Jogarafi: Ranka ya daɗe, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Tirelar siminti in ta taho a guje, ko direba ya taka birki sai ta yi tafiya kafin ta tsaya. Yaran nan masu ɗimbin yawa da aka haifa a shekarun 1950 da 1960, waɗanda sauro bai kashe ba, su ne suka zama iyaye a shekarun 1970 da 1980. Ko kowace ta haifi biyu kawai, iyayen suna da yawa, don haka jariran ma suna da yawa. Tsofaffin da ke mutuwa kuwa 'yan kaɗan ne, saboda tsararsu tun farko ba ta da yawa. Shi ya sa jama'a ta ci gaba da hawa: dubu 826 a 1972, ta haye miliyan ɗaya wajen 1990.

Ana buƙatar kusan haihuwa 2.1 ga kowace mace kafin tsara ta maye gurbin kanta. Morishus ta sauka ƙasa da haka tun ƙarshen shekarun 1990, yanzu tana wajen 1.4. Yau waɗancan yaran na 1950 su ne tsofaffi, kusan mutum ɗaya cikin biyar ya kai 60. Ga ciwon suga da ya yi musu katutu, shi ma kusan babba ɗaya cikin biyar. A shekara ana haihuwar dubu 12 zuwa 13, ana rasa kusan haka. Korona ta ƙara tura ma'aunin a 2021, amma ko ba ita an riga an iso bakin wurin. Sai ka haɗa da matasa masu ilimi da ke ficewa Kanada da Ostareliya da Faransa. Wannan ba ya cikin lissafin ƙaruwa ta asali kai tsaye, sai dai duk budurwar da ta tafi, da 'ya'yan da za ta haifa ta tafi.

Ɗan Kwari: To wa ke ɗinka rigar yanzu?

Malamin Jogarafi: 'Yan Bangaladash da Indiya da Madagaska da Nepal. Ƙasar da aka ce ba za ta iya samar wa 'ya'yanta aiki ba, yau ita ke shigo da ma'aikata har gidajen burodi da wuraren gini.

Abu Sumayya: Kun ji ko. Ban ƙara komai ba.

Kawu na Yakasai: Kuma na san inda za ta ɓulle, wajen fansho. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san zafin layin tantancewa. In masu karɓa suka yi yawa, masu biyan haraji suka ragu, dole a taɓa wani.

Malamin Jogarafi: An riga an taɓa, Kawu. A kasafin kuɗin 2025 gwamnatin Navin Ramgoolam ta sanar za ta ɗaga shekarun karɓar fanshon tsufa daga 60 zuwa 65 a hankali, mutane suka fito zanga-zanga a Port Louis. Amma Malam Abu, kada mu yi saurin cewa sun yi asara. Tsohon da ake rigima a kan fanshonsa ya kai tsufan ne, ya yi karatu kyauta, yana hawa bas kyauta. Matsalar mai tsofaffi da yawa daban, matsalar mai yara 120 a aji ɗaya suna zaune a ƙasa daban. In aka ba ni zaɓi na san wadda zan ɗauka, duk da cewa 1.4 ta yi ƙasa ƙwarai, kuma ƙasashen da suka faɗa irin wannan ramin, kamar Japan da Koriya ta Kudu, sun zuba kuɗi iya kuɗi ba su fito ba.

Gaskiya Ɗaya: Ni har yanzu ban sauka ba. Yawa shi ne ƙarfinmu a ƙasar nan. Ranar da Arewa ta rage haihuwa, ranar za a daina jin muryarta a zaɓe da rabon arziki.

Ummi Jami'a: Su ma sun yi wannan tsoron, Yaya. Gab da 'yanci, a Janairun 1968, an yi rikicin ƙabilanci a Port Louis har aka rasa rayuka, kowane ɓangare na tsoron a rinjaye shi. Ƙidayar 1972 ce ta ƙarshe da ta rarraba mutane gida huɗu bisa al'ummarsu, kuma har yau da alƙalumanta ake cike wasu kujerun majalisa. Mu ma ƙidayar 1973 soke ta aka yi saboda rigima, ta 1991 da ta 2006 kuwa ba a tambayi addini ko ƙabila ba. Amma yawan da rabinsa bai iya karanta takardar zaɓen ba, wa yake yi wa amfani? Ɗan siyasa ko mu?

Gaskiya Ɗaya: Wannan kuma laifin shugabanni ne, ba laifin mai haihuwa ba.

Maman Ilham: A nan kam na yarda da kai rabi. A gyara asibiti yara su daina mutuwa, a bar yarinya ta gama sakandare, sauran mutane da kansu za su yi lissafinsu. Ko a nan cikin gari ai ana gani. Ma'aikaciyar da ke biyan kuɗin makarantar kuɗi duk zango ba sai na yi mata wa'azin tazara ba, ita ke zuwa nema. Alƙaluman ƙasa ma sun fara motsi, daga haihuwa 5.3 ga kowace mace a binciken 2018 zuwa 4.8 a na 2023/24.

Ummi Jami'a: Malam, wata tambaya. Ina son in yi aikin kammala digirina a kan wannan, amma a Kano. Ta ina zan samo adadin haihuwa da mutuwa?

Malamin Jogarafi: Nan ne gizo ke saƙa. Morishus na iya faɗa miki adadin jariran bara ɗaya bayan ɗaya, domin kowace haihuwa da kowace mutuwa sai an yi mata rajista. Mu ƙidayarmu ta ƙarshe 2006 ce, ta ba jihar Kano miliyan 9.4, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage. Duk abin da kike ji tun daga nan ƙiyasi ne. Haihuwa da yawa a gida ake yi, mutuwa kuwa a yi wanka a yi sallah a kai makwanci kafin la'asar, ba takarda. Kada ki ɗauki jiha, ba za ki iya ba. Ɗauki unguwa ɗaya, shekara ɗaya.

Kawu na Yakasai: 'Yata, in za ki yi, fara da gaishe da mai unguwa, ki tafi da yayanki namiji da takardar makaranta. Daga nan limamin masallacin unguwa, shi ke raɗa suna shi ke sallar gawa. Sai wanzami da ungozoma, sai masu haƙar kabari. Ki tambayi matan gida daban, don jaririn da ya koma kafin suna maza ba sa sa shi a lissafi. In Yakasai kika zaɓa ki yi mini magana ta akwatin sirri, zan haɗa ki da mai unguwarmu.

Maman Ilham: Ki biyo ta wajena ma, akwai rajistar ɗakin haihuwa, amma sai kin kawo izini daga sama kafin a buɗe miki.